Jan fenti a gindin kwano

Wawan labarin nan ni ne, kuma wawa mai aji huɗu na firamare, wanda ya fi kowane iri haɗari.

Da aka ba mu jihar Kebbi, ni na riƙa goge Sakkwato a allunan shaguna ina rubuta sabon suna, daga Bagudo har Lafagu. Mutumin da ya canza wa gari jiha da buroshi, wa zai gaya masa magana?

Bayan wasu shekaru ƙanwata ta dawo gida Kurgu da jaririya a baya. Mijinta, direban da ke tsallaka iyakar Benin da kaya, ya rasu. Da na kai ta asibiti, wata nas 'yar kudu ta gaya mata tana ɗauke da ƙanjamau, ta kuma jaddada mini cewa ba a ɗauka ta cin abinci tare. Na gyaɗa kai irin na masana. Muna isowa gida na ɗauko ragowar jan fenti na ɗiga a gindin kwanonta da kofinta. Wai tsari, kada wani ya ci ko ya sha a cikinsu.

A gidanmu mata kwano ɗaya suke sa hannu, a nan ake tsegumi, a nan ake dariya. Ita sai a miƙa mata nata a bakin ɗaki. Ba wanda ya kore ta, fentin ya isa.

Sai ta yi shiru. Mai surutun da inna ke cewa ta haɗiye rediyo ta koma kallon bango. Ɗiyar na kuka, tana ji, hannunta ya kasa miƙuwa. Tuwo ya kwana ya bushe. Ni kuwa na yanke hukunci cewa iska ce, na kawo hayaƙi, na kawo rubutu. Da suka ƙi aiki na ce lalaci ne. Ƙuncin zuciya bai zo mini a rai ba, ba a koya mana shi a aji huɗu ba.

Kafin damina, ƙanwata ta koma wurin dangin mijinta can ƙetare, ba ta sake kwana gidanmu ba. Ranar da take ɗaure kaya na tsaya kanta da wa'azi.

"Ke, ciwon nan a jini yake, ba a baki ba. Mi ya hana ki ci, ki yi magana kamar mutane?"

Ta ɗaga kwanon, ta juya mini gindinsa.

"Yaya, nas a kunne ta raɗa mini. Kai ne ka rubuta wa gari."