Sandar Barau da Tsayin Haihuwa

Barau bai taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba, littafin da ke zuwa da mota bai taɓa amfana masa komi ba. Abin da ya dogara da shi a garejinsa na Magariya sanda ce ta icen aduwa. Duk sabuwar kat-kat, motar shiga daji, da aka kawo daga Damagaram, kafin ta sha rairayi, sai ya tsaida ta bisa daɓen siminti, ya kafa sandar a ƙasa, ya yi tsaga daidai bakin ƙarfen da ke saman taya. Tsagar nan yake kira tsayin haihuwa. Ba ya ƙara wa mota lam, ƙarfen da ke ɗauke da nauyinta, sai ya gwada ta da sandar, don in aka ɗaga wadda aka riga aka ɗaga, kifewa take a kan tudu.

Shekara guda bayan soja sun karɓi mulki, wata safiya wani soja, Ajidan Alkasim, ya iso da motar rabon hatsi, direbansa Goni na tuƙi.

"Kai ne Barau? Cikinta na jan ƙasa a hanyar Dungas. Ka ɗaga ta yau."

"To, ranka ya daɗe. Bari in gwada tukuna."

Ya kafa sanda. Ya sake kafawa. Mota ta wuce tsagarta da yatsa huɗu, kowace kusurwa. Mota tsufa take, ba ta girma.

"Ranka ya daɗe, an riga an ɗaga ta."

Ajidan ya juya a hankali ya dubi Goni. "Wa ka kai wa motar gwamnati ya taɓa ba da sanina ba?"

"Wallahi ko ƙusa ba a kwance ba, mon ajidan! Barau, ka ji tsoron Allah, ɗiyana biyar!"

"Ka faɗa musu daga kaso," in ji ajidan. Ya sa Goni zama a rana, ya ce da azahar za a wuce da shi.

Barau ya shiga ƙarƙashin motar. Ya ƙirga lam ɗai-ɗai. Ba ƙari. Tsatsar da ke kan ƙusoshi ma ba wanda ya karce ta. Yana kwance a nan idonsa ya faɗa kan gindin sandar: fari tas, sabon yanka.

Gidansa na bayan garejin. Ya faɗa ciki ba sallama, ya tarar da matarsa Ƙande na ɗura man gyaɗa a gora.

"Ƙande! Wa ya taɓa min sanda?"

"Yo ɗan guntu ne na sara jiya, toshiyar gorana ta ɓata. Ai ban taɓa wajen zanen ba."

Ya zare toshiyar, mai na ɗiga, ya tsaya a zaure. In ya yi shiru, Goni ya tafi. In ya yi magana, shi ne ya yi wa soja ƙarya gaban mutane. Daga waje ya jiyo Goni na salati ƙasa-ƙasa, sai ya fita.

Ya durƙusa gaban ajidan, ya haɗa guntun da gindin sandar, ya kafa. Mota ta gaza tsagarta da yatsa biyu.

"Ranka ya daɗe, Goni bai yi komi ba. Motar gajiya ta yi. Sandata ce ta rage tsawo. Mai ɗakina... ta toshe gora da ita."

Ajidan ya karɓi guntun, ya shinshina.

"Wato saura ƙiris in kulle mutum saboda man gyaɗa?"

Ajidan ya miƙa wa Barau guntun.

"Tashi, Goni. Kai kuwa Barau, na ba ka zuwa la'asar ka gyara motar. Kuma gobe kai za ka zauna a baya har Dungas. In ta kife, da kai."

Barau ya sake wa motar lam ɗin da suka gaji, ya ƙara ɗaya kacal a kowace ƙafa. Washegari ya tafi Dungas bisa buhunan hatsi, ya riƙe ƙarfe da hannu biyu a kowane tudu, ya dawo, motar ba ta kife ba.

A ranar ya sa maƙeri ya yi wa gindin sandar zoben ƙarfe. Goni kuwa, har ya bar aiki, in ya shigo gareji ba Barau yake fara gaisarwa ba. Sandar yake ɗauka ya duba gindinta.