Layin da Yaya Yake Bari

Kaɗa-Ƙafa ake ce masa, kuma wanda ya laƙaba masa sunan bai zalunce shi ba. In ya zauna, ƙafarsa ta dama ba ta zama tare da shi. Ofishinsa wani ɗan ɗaki ne a saman shagon tela: tebur ɗaya, kujerar da ya tokare da kwali, da fankar da ya yi ta kwancewa yana ɗaurawa har ta daina waiwaye. A nan yake rubuta wa masu shagunan magani da ƙananan makarantu manhajar kwamfuta. Telan ya sha hawowa ya leƙo ya ce, "Malam, ko keken ɗinki ka saya ban sani ba? Tun safe nake jin ana taka feda a kaina."

Ba shi da mugun hali, sai dai bai iya ganin abu ya bar shi yadda ya same shi ba. Matarsa, wadda ke aikin jinya, takan dawo gida ta tarar cokula sun yi ƙaura zuwa wata durowar, wai a can sun fi kusa da hannu. "Baban yara," takan ce, "ranar da na dawo na samu komai a inda na bar shi, asibiti zan kai ka."

Abin da ya fi cin lokacinsa wani dandali ne na intanet, inda masu rubuta manhaja ke haɗuwa, wanda abu ya cije masa ya yi tambaya, wanda ya sani ya amsa. Yayansa ne ya kai shi can tun bai san komai ba. Shi Yaya mutum ne mai sanyi, yana iya kallon allo har shayinsa ya huce bai taɓa madanni ba. Yana da wata ɗabi'a wajen amsa tambaya. Zai bi da kai a hankali, ya rubuta maka layukan manhajar tsaf, amma sai ya bar layi ɗaya bai sa ba, kuma ba zai gaya maka wanne ba ne. A ƙasa ya rubuta, "Sauran naka ne." In ka kwafa ka liƙa, abin ba zai tashi ba. Dole ka zauna ka karanta har ka ga ramin da idonka. Mutane sukan yi ƙorafi, daga baya su dawo su yi godiya.

Yaya ya rasu shekarun baya, bayan gajeruwar jinya. Amma amsoshinsa suna nan, kuma har yanzu baƙi na faɗawa cikinsu. Kowace safiya, kafin ya taɓa aikin kowa, Kaɗa-Ƙafa kan buɗe shafin Yaya ya ga ko an bar sabuwar magana. Sai ya tarar wani ya rubuta, "Malam, ka ba ni wahala, amma na gano. Allah ya saka." Ba su san mutumin ba ya duniya ba, shi kuma bai taɓa gaya musu ba. Ya daɗe da kwafe amsoshin ya adana a kwamfutarsa, amma wannan ajiya ce kawai. A dandalin ne Yaya yake ci gaba da koyarwa, kuma wannan ne abin da ya rage masa na ɗan'uwansa. Shi kaɗai ne kuma abin da bai taɓa kai hannu ya gyara ba.

Dandalin yana da shafin shawarwari, inda kowa zai faɗi yadda za a inganta shi. Nan fa Kaɗa-Ƙafa ya kafa bukka. Maɓallin nema ya yi ƙanƙanta. Launin rubutu yana gajiyar da ido. A dawo da abin da ya ce a cire bara. Mai kula da dandalin, wata mata mai dogon haƙuri, ta taɓa rubuta masa, "Ɗan'uwa, kana barci kuwa?"

Sai ga shi wata rana ya kawo shawarar da ta karɓu. Dandalin ya tsufa, ya cika da amsoshin da zamani ya wuce, sabon shiga ya kwafa ya sha wahalar banza. Ya ce a yi injin shara, wata 'yar manhaja da za ta bi tsofaffin amsoshi tana gwada su. Wadda ta tashi, a sa mata kore. Wadda ta ƙi, a sa mata ja, in ba a gyara ba zuwa ƙarshen mako a share. Wani dattijon dandalin ya ce a yi a hankali, a ware amsoshin wasu mutane. Kaɗa-Ƙafa ya taso masa da zafinsa: inji bai san fuskar kowa ba, kuma amfaninsa ke nan. Aka yi ta danna masa goyon baya. Ranar har telan ya ji a jikinsa, don fedar ta yi gudu.

Shi da kansa ya taya rubuta injin. Ko sau ɗaya Yaya bai faɗo masa a rai ba, kuma ba don ya manta da shi ba. Ya karanta amsoshin nan har ya haddace, idonsa ya saba cike ramin da kansa, ya daina ganinsa.

Da safen da aka saki injin, ya buɗe shafin Yaya yadda ya saba. Ja daga sama har ƙasa.

Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Ya je taga ya dawo. Ya kashe fanka, ya kunna. Sannan ya faɗa shafin shawarwari ya rubuta doguwar magana, ya goge, ya rubuta gajera: a ware amsoshin mutum ɗaya, da gangan yake barin layi, kuma ya rasu, yayana ne.

Mai kula ba ta daɗe ba ta amsa. "Allah ya jiƙansa, ni ma ya koya mini. Amma tun safe mutane da yawa sun roƙi a ware nasu, duk na mayar da su da maganarka. In na buɗe maka, da wane baki zan hana su? Ƙofa ɗaya ce, ga kowa: a gyara amsar ta zama kore." Ta rufe buƙatar, ta liƙa mahaɗin da ke kai mutum inda aka riga aka yanke hukunci. Ya danna, ya tarar da rubutunsa yana kallonsa.

Da yamma ya kasa cin abinci. Yana zagaye falo, ya ɗauki rimot ya ajiye, ya gyara labulen da ba abin da ya same shi. Matarsa tana cire takalmin aiki ta ce, "Zauna ka gaya mini, kafin ka kwance mana ƙofa."

Ya gaya mata a tsaye.

"To ka cike layukan mana. Ba ka san su ba?"

"Na san su kamar sunana."

"To mene ne?"

"In na cike, ba amsar Yaya ba ce kuma. In ban cike ba, a share."

Ta murza ƙafarta. "A wurinmu ma, a asibiti, akan yanke wani abu don a tsira da sauran," ta ce. "Ba a so, amma ana yi. Sai dai ni ban san wanne ne sauran a nan ba. Kai ka san yayanka."

Kwanakin da suka biyo baya ya yi su ne yana neman hanya ta uku. Ya yi tunanin ɓoye layin inda inji zai gani mutum ba zai gani ba, sai ya tuna shi ya toshe wannan dabarar da hannunsa, har yana alfahari. Ya nemi dattijon da ya yi wa tsawa, dattijon ya yi masa ta'aziyya, bai ƙara komai ba. Wani mai shagon magani ya yi ta kira kan aikinsa, wayar na ruri a kan tebur har ta gaji.

Ranar ƙarshe da hantsi ya ja kujera ya fara. Ya buɗe amsa, ya danna gyara, ya sa layin, ja ya koma kore. A ƙasan kowacce dandalin ya rubuta cewa Kaɗa-Ƙafa ne ya yi gyara na ƙarshe. Aikin ba wuya, abin da ya fi ba shi haushi ke nan. Abin da Yaya ya sa mutane suka yini a kansa, shi yana cike shi kafin ya sauke numfashi. Ta ƙarshe ita ce amsar tambayarsa ta farko a dandalin, lokacin yana rubutu da yatsa biyu. A ƙasanta Yaya ya ƙara kalma ɗaya da bai ƙara wa kowa ba: "Sauran naka ne, ƙanena." Ya daɗe yana kallonta, sannan ya sa layin. Maganar Yaya kuwa bai goge ta ba, ko da yake yanzu ba ta nufin komai.

Ba a share ko ɗaya ba. Washegari ya hau bene da sauri ya buɗe shafin, kore tas, ga kuma sabuwar magana daga wani baƙo a ƙasan wata amsa: "Na kwafa, ya tashi nan take. Na gode. Amma wane saura kake nufi?"

Ya sa hannu zai amsa, sai ya janye shi. Baƙin cikin da bai samu zama ya yi ba tun ranar rasuwar, shi ne ya same shi a kujerar nan. Yau ne ya ji Yaya ya tafi.

Can wajen azahar telan ya hawo, tef rataye a wuyansa, ya tura ƙofa a hankali. "Au, kana nan ashe," ya ce. "Na ji shiru ne tun safe, na ce bari in duba ko lafiya."