Gidan da Moutari ya taya a bakin teku

Ku matso, ku gyara zama, yau labarin Malam Moutari zan ba ku, mutumin Damagaram da ya daɗe a Lyon ta ƙasar Faransa yana sayen tsofaffin motoci yana turawa gida. A unguwar Minguettes yake zaune da matarsa Raliatou, can hawa na tara. Mutum ne mai fara'a, ga haƙuri a ciniki. Ko tumatir zai saya sai ya taya, ya juya baya kamar ya fasa, a kira shi.

Raliatou abu ɗaya take roƙonsa tun zuwanta, gida mai tsakar gida. Ta gaji da shanya a taga, ta gaji da maƙwabcin sama da na ƙasa da ke buga bango duk ranar da ta taɓa turmi.

A 1982 ya kai motoci tashar jiragen ruwa ta Marseille, ya tafi da ita ta sha iska. Da suka gama, suka bi gaɓar teku har wata 'yar unguwar masunta. Nan suka ga gidan, ɗaki uku, fenti ya koɗe, ga ɓaure a tsakar gida, ga allo a ƙofa an rubuta na sayarwa ne. Mai gidan wata tsohuwa ce, Madam Fabre, mijinta ya rasu, tana son komawa wurin 'yarta. Ta ba su kofi. Raliatou ta tuɓe takalmi ta taka ƙasa.

"Faran dubu ɗari biyu," in ji tsohuwar.

Moutari yana da kuɗin, kuma ya san gidan ya yi araha. To amma ina aka taɓa jin ɗan Damagaram ya biya kuɗin farko? Ya taya ɗari da hamsin, ta ce a'a. Ya ƙara goma, ta girgiza kai. Sai ya miƙe, ya yi godiya, ya rubuta mata lambar tarho, ya nufi ƙofa a hankali yadda ake yi a kasuwar Dole ta Damagaram.

"Malam, ba ta kira mu ba fa," Raliatou ta ce da suka shiga mota.

"Ke dai zauna. Kafin mu bar layin nan za ta fito."

"Mun bar layin."

"To kafin mu sauke kaya a Lyon tarho zai yi ƙara."

Ita kuwa tsohuwar, a saninta wanda ya tashi ya tafi ya gama magana. Sati uku Moutari ya hana kowa daɗewa a kan tarho. Da ya gaji ya koma, ya tarar wani ma'aikaci daga Paris ya saye, a kuɗin da ta faɗa.

Bayan shekara uku allon ya sake fitowa, wannan karon dubu ɗari uku da hamsin. Mutanen birni sun gano unguwar, masunta suna sayarwa suna tashi, rumfar da ake gyaran taru ta zama wurin shan kofi. Moutari ya sa babbar riga ya je wurin dillali, ya ce zai ba da ɗari biyu, ba ragi. Dillalin ya yi dariya har ya cire tabarau.

Abokin cinikinsa Ilya bai bar shi ya huta ba. "Malam, kai kullum farashin da ya mutu kake tayawa. Ka jira teku ta ƙafe, sai su sallama maka."

Moutari yakan yi dariya ya ce tsada ba ta dawwama. Amma duk sanda ya kai motoci sai ya ratsa ta unguwar, ya karanta allunan gida gida. Ya san farashinsu fiye da masu su.

A 1989 harka ta koma Paris, suka sami gida a Bobigny, gefen birnin, hawa na huɗu. Kafin su tashi ya kai Raliatou su yi wa teku ban kwana. Gidan ya haura dubu ɗari shida, an zagaye shi da doguwar katanga. Ya kashe mota, ya daɗe yana kallo.

"Raliatou, ni na ɓata cinikin nan."

"Shekara bakwai ina jiran ka faɗa," ta ce, ba faɗa a muryarta. "Tada mota, Malam, hanya da nisa."

To ku da kuka tashi a kasuwa irin tamu, da ku ne zaune gaban tsohuwar nan a ranar, kuɗi a hannu, za ku iya biya ba ku taya ba?