Kumburin da Na Ƙi Yi wa Sakiya

Shekara talatin ina wanzanci, sau ɗaya tak na sa ƙarfen sakiya a wuta na janye shi ban huda ƙurji ba.

Damina ce, a farkon shekarun tamanin. Aka kira ni wata ruga bayan Nasarawa Burkullu. Mai ciwon makiyayi ne, abokina, ni nake masa aski tun muna samari. Na ishe shi kwance, jiki zafi zau, ga jan kumburi a saman ƙirjinsa kamar an kifa ludayi. Mahaifiyarsa har ta hura wuta.

Ta ce, "Wanzam, huda shi mugunya ta fita, ya samu barci."

Na sa ƙarfe a garwashi, na ɗora tafin hannu in ji ko ya nuna. Subhanallahi! Abin bugawa yake, yana ture mini hannu. Ƙurji kuwa ba ya bugawa.

Na ce, "Inna, wanga ba aikina ba ne."

Washegari muka sa shi a motar kasuwa zuwa Bukkuyum. Malamin asibiti ya ce babbar jijiyar jini ce da ta fito daga zuciya ta kumbura, ciwo yana cin ta. Sai manyan likitoci, can nesa, sun buɗe ƙirjin, sun yanke ruɓaɓɓen wurin, sun yi mata joni. Ya ce ko allura kada ta taɓa wurin.

Da muka dawo, Inna ta ce atafau ba za a feɗe mata ɗa kamar rago ba. Yayansa ya kwashe da dariya, wai wanzami da tsoron jini! Raina ya ɓaci, na wanke shi tas, na ɗauki zabirata na yi gaba. Kwana uku ban leƙa ba. Wallahi fushin nan nake nadamarsa har yau.

Ranar kasuwa, ina cikin yi wa wani aski, aka ce an ga wani wanzami daga Gummi ya nufi rugar da hantsi. Na bar mutum da rabin kai na hau keke. Laka ta riƙe keken, na yar da shi na sheƙa da ƙafa.

Da na isa ban ji kuka ba. Shanu na tsaye, ba a sake su ba. Sai matan rugar na gani suna ɗibar ƙasa a ƙwarya, suna shiga bukkar abokina da ita suna rufe jini, suna fitowa su ƙara ɗiba.