Matar Da Ke Hana Layi Tafiya

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe tagar ba da magani. Ta goge teburin tagar, ta jera ambulan na zuba ƙwayoyi, ta saka tabarau, sannan ta kira lamba ta farko. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka a asibitin da ke bayan tasharmu, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Anti Maimaita muke ce mata, kuma ba don ƙauna aka raɗa mata sunan ba.

Ba ta sakin magani sai ka maimaita mata abin da ta faɗa. Layin sauran tagogi na gudu, nata yana jan ciki. Ni direban motar haya ne, haƙuri bai ishe ni ba, na sha yin tsaki a layin nan har ta gane muryata.

Yayata nake kaiwa. Ciwon tayirod ya kama ta, wata 'yar tsoka a gaban wuya, tata tana aiki fiye da kima. Mace mai jiki ta rame ta zama kamar sanda, ga ci kamar me, zuciya na dukan uku-uku, hannu na rawa har ta kasa zura zare a allura, ita da ɗinki ne sana'arta. Likita ya rubuta mata wata 'yar ƙwaya.

Ranar farko Anti ta dafe ambulan da tafin hannu.

"'Yar'uwa, saurara. Kullum a lokaci ɗaya. In kin ji sauƙi kada ki daina sai likita ya ce. In kin samu ciki, ko kina nema, ki faɗa masa. Ga babbar maganar: ranar da kika ji zazzaɓi, ko ciwon maƙogwaro, ko gyambo a baki, ki ajiye ƙwayar nan, ki zo a auna jininki a ranar. Ban ce gobe ba. Maimaita."

Na ce, "Haba Anti, makaranta muka zo?"

Ko kallona ba ta yi ba. "Kai ma maimaita, direba. Ranar da ta kasa magana, kai ne bakinta."

Na maimaita ina cika ina batsewa. Duk zuwa sai ta sa na sake.

Ba mu kaɗai ba ne. Mai sharar asibitin ta ce ta ga ranar da Anti ta bar taga ta bi wani kurma har bakin titi, tana nuna masa maƙogwaro da goshi, sai da ya gyaɗa kai. Mai awon jini ya ce sau biyu ana rubuta mata takardar gargaɗi kan ɓata lokaci. Ta sa hannu ta karɓa, washegari ta ci gaba da abinta.

A mako na shida na leƙa gidan Yaya da safe. Tana kwance, jiki rau da zafi, ko yawu ba ta iya haɗiyewa. Mijinta, mutumin kirki wallahi, yana tsaye da kofin ruwa da ƙwaya biyu a hannu.

Ya ce, "Ciwon wuyan ne ya motsa. Maganin wuya ne ai, bari a ninka mata."

Ban san lokacin da maganar Anti ta fito daga bakina ba, tiryan-tiryan yadda aka ɗora mini ita. Ya ce mura ce, kada in tayar wa mutane da hankali. Na karɓe ƙwayoyin daga hannunsa, abin da ban taɓa yi wa babba ba, na ɗauke ta cak na sa a mota.

Da sakamakon awon jini ya fito, likita ya ce fararen ƙwayoyin jininta, masu yaƙar cuta, sun kusa ƙarewa. Ya ce maganin na da kyau, mutum ƙalilan yake yi wa haka, amma wanda ya yi wa, ƙaramar cuta sai ta kai shi ƙasa. Aka killace ta ita kaɗai, ba mai shiga sai da takunkumi. Kwana goma sha biyu ina leƙenta ta gilashi, na ji tsoron da ban taɓa ji ba.

A ɗakin da ke kusa da nata akwai wani magidanci, maganinsu ɗaya. Shi a wani shago aka miƙo masa a leda. Kwana biyar yana zazzaɓi yana ci gaba da sha. Ranar Alhamis da hantsi aka fito da shi a lulluɓe. Matarsa ta zauna daɓas a baranda, ba ta yi ihu ba, duk wanda ya gifta sai ta ce, "Ba wanda ya faɗa mana."

Yaya ta tashi. An haramta mata wannan ƙwaya har abada, daga baya aka yi mata aiki a wuya. Yanzu tana kan kekenta na ɗinki.

Anti, ke ce wadda muka zaga a layi. Ke ce mai dafe ambulan, mai taurin kan da ya hana mu makoki. Ba a taɓa kiran sunanki a taro ba, kuma na ji ko kujerar bankwana ba a shirya jera miki ba. Ki yafe mini tsakin nan. Na gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki lafiyar cin hutunki.

Ku kuma masu zama bayan tagar magani da kantar shago, ku ji tsoron Allah ku buɗe baki. Mu da ke layi, mu tsaya mu ji. Matar nan ta baranda, da ta samu wanda ya ɓata mata minti biyu, da yau ba ta cikin takaba.