Hayaƙin da ba na taba ba

Shekara ashirin da shida Baba Mai Kari ya yi yana wanki da guga, sunan ma a wajen aikin ya samo shi. In ya ninke maka riga, sai ka sa ta sau biyu karin bai kwanta ba. Da dutsen guga na gawayi ya fara, har ya zo shagon da ke da injin wanki biyu da na busarwa ɗaya. Yatsunsa sun yi kanta, zafi ba ya damunsu.

Dabararsa ɗaya ce. Ba ya barin kaya su huce a cikin injin busarwa. Yakan kashe shi tun da saura, ya kwaso su da zafinsu, ya ninke, ya jera tsibi, ya danne da tafin hannu.

"Kaya in suka huce taurin kai suke yi," in ji shi.

Abu na biyu da yake taƙama da shi, shekara bakwai ke nan rabonsa da taba. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi kwana goma sha ɗaya a asibiti, matarsa na riƙe masa kwanon tofi. A kan gadon ya rantse mata ya bari. Tun daga ranar, tsinken sakace ne a bakinsa.

Wata Talata da rana, shi da abokan aikinsa sun fita cin abinci, ɗakin ajiya na bayan shagon ya kama da wuta. Kafin a kashe, katakon jera kaya ya cinye, kayan mutane sun zama toka. Babu wayar lantarki a ɗakin sai ta ƙwan fitila, shi ma a kashe yake. Jami'in kashe gobara ya dudduba, ya ce, "Akwai mai shan taba a nan?"

Mai shagon ya juya ya dubi Baba.

"Ranka ya daɗe, ka san na bari."

"Na san ka ce ka bari, Baba. Kai ne na ƙarshe da ya shiga ɗakin. Ka je gida ka huta tukuna."

Dakatarwar ba ta ci masa rai kamar gidan ba. Matarsa ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ya gan ta ta ƙofa tana shinshina aljihun rigarsa kafin ta jefa a ruwa. Ashanar da kullum ke kan tagar kicin ta ɓace. Rana ta uku ta ajiye masa abinci, ta tsaya.

"Malam, in ka koma ka faɗa min. Gara in ji daga bakinka."

"Wallahi ban koma ba."

"To," ta ce, irin "to" ɗin da ake yi wa mara lafiya.

Ya zauna yana ta juya ranar a ransa. Me ya shigar ɗakin? Tawul ne na gidan tausa da suka fara kawo musu wanki wata biyu da suka wuce. Da man zaitun suke tausa a can, kuma komai sabulun da ya zuba, tawul ɗin kan fito da santsi, da ɗan wari irin na tsohon mai. Sai ya tuna wani abu. Makon da ya gabata ya cusa hannu tsakiyar tsibinsu, sa'a guda bayan ninkewa, ya zare da sauri. Sun fi zafi a kan lokacin da ya jera su. Shi da yatsunsa ba sa jin zafi. Ya yi mamaki a ranar, ya manta.

Da safe ya koma shagon ya roƙi a ba shi tawul ɗin gidan tausar da aka kawo sabo, da tsohuwar durom ta ƙarfe da ke tsakar fili.

Mai shagon ya yi dariya. "Yanzu tawul ne ke shan taba, Baba?"

"Ka ba ni wuni ɗaya. In ƙarya nake, ba sai ka kore ni ba, da ƙafata zan tafi."

Ya aika aka kira matarsa. Ta zo ta zauna a kan benci, jakarta a cinya. A gabansu ya zazzage aljihunsa, ya wanke tawul, ya busar, ya kashe injin tun da saura, ya ninke yadda ya saba, ya danna su cikin durom.

Sa'a ɗaya ta wuce, ta biyu ta bi ta. Mai shagon ya leƙo sau uku.

"Sun kunna, ko a ara musu ashana?"

Matar ta sunkuyar da kai. Baba ya tauna tsinkensa har ya dagargaje. Ya fara tunanin ta wace ƙofa zai fita.

Ita ce ta fara ji. Ta ɗaga hanci. "Malam, wani ya bar mai a kan wuta?"

Wani siririn hayaƙi na fitowa ta gefen durom. Baba ya sa sanda ya ɗaga na sama. Farare ne tas. Na ƙarƙashinsu sun yi ja-ja, na tsakiya kuwa baƙi ƙirin, kuma iska na taɓa su wuta ta tashi. Ya kife murfi da sauri, mai shagon ya ruga ya ɗebo yashi.

Suka tsaya su uku suna tari. Mai shagon ya daɗe yana kallon durom ɗin.

"To, ba taba ba ce. Ka yafe min wannan. Mai ne ya rage a jikinsu, zafi ya rasa hanyar fita." Ya goge fuska. "Amma Baba, wa ya hana su hucewa a injin? Wa ya danne su?"

Baba ya dubi hannuwansa. "Ni ne."

An mai da shi aiki, amma ban da injin busarwa. Yanzu wani ke kashe shi, sai ya gama hucewa. Tawul ɗin gidan tausa a ruwan zafi ake wanke su sau biyu, a baza su a igiya, ɗaya nesa da ɗaya. Baba kan tsaya a gefe, hannuwa a baya, yana jiran su yi sanyi. In ya ninke, karin ba ya kamawa. Yakan sake, ya sake, sannan ya ƙyale.

Ranar gwajin kuwa, da suka isa gida, matarsa ta buɗe jakarta ta ciro ashanar. Ta miƙa masa ba ta dube shi ba.

"Ungo, Malam. Kunna min risho in ɗora ruwa."

Sai da ya ƙyasta uku kafin ɗaya ta kama.