Tarin da Inna Sa-kuka ta Daina Yi

Kafin rana ta yi zafi, Inna Sa-kuka ta riga ta jera ƙanƙara a akwatinta mai shuɗin murfi, ta saka kwalaben rigakafi, ta rataya shi a kafaɗar da tuni ta karkace. Mai allura ce a ƙaramin asibitin unguwarmu. Sunan kuwa yara ne suka laƙaba mata, don duk gidan da ta shiga sai ta bar jariri yana tsala ihu. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma har yau ba a turo wadda za ta gaje ta ba.

Allurar da ta fi ba ta wahala ita ce ta mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙewar haƙora, domin sau uku ake yin ta. Ta farko kan kawo zazzaɓi, cinya ta kumbura, shi ke nan uwa ta ɗauke ƙafa. Sai Inna ta bi ta har gida. Dabararta ɗaya ce: ta zauna a bakin tabarma ta kwaikwayi tarin shiƙa, tari a jere babu numfashi, sannan jan iskar nan mai ƙara kamar ƙofar da ta yi tsatsa. Iyayenmu sun ce a da in ta yi haka, tsakar gida tsit take yi, don kusan kowace mace ta taɓa jin ƙarar a ɗakinta, wasu ma har sun binne 'ya'ya. Washegari sai ka ga layi har bakin titi.

Ke ce kika kori tarin daga lungunan nan, Inna, da ƙafarki, har aka haifi 'yan matan da ba su taɓa jin sa ba. Abin takaici, nasarar taki ce ta juyo ta cuce ki.

Shekarun baya-bayan nan in ta yi tarin, dariya ake yi da shewa, a ce don Allah ta sake. Yara suka haddace, suna bin ta a baya suna yi mata. Layi ya yi ta raguwa har benci ɗaya ya ishe shi. Akwai wata tela da Inna ta yi wa allura tun tana cikin zanen goyo. Sau ɗaya ta kawo ɗanta. Inna ta yi ta sintiri gidanta, ita kuwa ko keken ɗinki ba ta tsayarwa.

"Inna, wannan cutar taki fa a bakinki kawai muke jin ta," in ji ta.

Wata rana Inna tana wucewa ta bayan katangar telar, sai ta ji tarin. Ko waiwayawa ba ta yi ba. Ta dai ce wa mai shagon kusa, ja'irin da ya yi wannan ya fi ta iyawa, ta gyara akwatinta ta wuce. Bayan kwanaki kaɗan telar ta shigo asibiti a guje, ba takalmi, leɓen yaron ya yi shuɗi. An tura su babban asibiti, amma bai dawo ba.

Wajen gaisuwar rasuwa telar ta riƙe gefen mayafin Inna ta ce, "Irin naki ne, Inna. Sak."

Wallahi ba laifinki ba ne, baiwar Allah, sai dai na san ba za ki yarda ba. Tun ranar Inna ba ta sake yin tarin ba. Takan shiga gida ta zauna, akwati a cinya, ta roƙa a hankali. Wasu su miƙo yaro, da yawa su ce sai maigida ya dawo. Ni dai gabana faɗuwa yake in na tuna ƙarshen wata.

Mun gode, Inna. Allah Ya saka miki da alheri, Ya hutar da kafaɗar nan. Ku kuma iyaye, ku kai yaranku har sau ukun, mai hali ya bi maƙwabciya ya tuna mata kamar yadda Inna take yi. In kuma kun ji ƙarar nan ta bayan katanga, ku shiga da sauri. Ba Inna ba ce, yaran unguwa ma sun daina.